Wa ke riƙe da akalar zaɓe a gundumomin Amurka, kuma ina ikonsa ya tsaya?

Litinin, 28 ga Nuwamban 2022, ita ce rana ta ƙarshe da dokar jihar Arizona ta ba gundumominta 15 su tabbatar da sakamakon zaɓen tsakiyar wa'adi, wato zaɓen da ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa. Goma sha huɗu suka sa hannu. Guda ɗaya ta tirje, wato Cochise, wadda ke kudu maso gabashin jihar a bakin iyakar Meksiko. A lokacin majalisar gundumar mutum uku ce kacal: Tom Crosby da Peggy Judd 'yan Republican, sai Ann English 'yar Democrat. Biyun farko suka ce a ɗage zaman, don suna shakkar ko an tantance na'urorin ƙirga ƙuri'a yadda doka ta tanada, duk da cewa jami'an zaɓe na jiha sun riga sun kawo musu takardun da ke nuna an tantance su.

Ƙuri'un mutum kusan 47,000 ne suka maƙale. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, Cochise gidan Republican ce. Da jihar ta haɗa jimillarta ba tare da gundumar ba, da ɗan takararsu na majalisar wakilai ta tarayya, Juan Ciscomani, ya faɗi zaɓen da ya riga ya ci, saboda ratar da ya samu a Cochise ta fi ratar da ya yi nasara da ita gaba ɗaya. Sakatariyar jiha, wato babbar jami'ar zaɓen jihar, Katie Hobbs, ta garzaya kotu. Ranar 1 ga Disamba alƙali Casey McGinley ya umarci majalisar ta zauna ta sa hannu kafin ƙarfe 5 na yamma. Judd da English suka sa, Crosby bai halarci zaman ba. Bayan shekara ɗaya aka gurfanar da Crosby da Judd gaban kotu, kuma a Oktoban 2024 Judd ta amsa ƙaramin laifi na ƙin yin aikin da doka ta ɗora mata, aka yi mata ɗaurin talala da tarar dala 500.

Mai karatu zai iya tambaya: in majalisar ba ta da ikon cewa a'a, mene ne amfanin kawo mata sakamakon? In kuwa tana da iko a kan zaɓe, a ina yake? Amsar tana cikin yadda aka rarraba aikin zaɓe a ƙasar.

Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa irin INEC, wadda ke buga ƙuri'u, ta tura ma'aikata jihohi 36 da Abuja, ta kuma bayyana wanda ya ci. Kundin tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi su tsara lokaci da wuri da yadda za a yi zaɓen 'yan majalisar tarayya, ya kuma ba majalisar tarayya damar yin gyara in ta so. Jihohin kuma suka sauke yawancin aikin a kan gundumomi, waɗanda sun haura 3,100. A Michigan da Wisconsin da wasu jihohin arewa maso gabas ma aikin ya sauka ƙasa da haka, zuwa garuruwa da ƙauyuka. Wisconsin kaɗai tana da akawun gari sama da 1,800 masu gudanar da zaɓe. Gundumar Los Angeles tana da masu rajista sama da miliyan 5, ita kuwa Loving ta jihar Teksas, ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 ne a cikinta. Dukansu biyu su ke shirya wa mutanensu zaɓen shugaban ƙasa ɗaya.

Duniya ta fara lura da wannan a shekarar 2000, lokacin da ƙuri'a 537 a Florida suka raba gardama tsakanin George W. Bush da Al Gore. A gundumar Palm Beach, jami'ar zaɓe ta tsara takardar ƙuri'a mai shafi biyu, sunaye hagu da dama, ramukan hudawa a jere a tsakiya, don rubutu ya fito manya saboda tsofaffi. Niyya mai kyau ce, amma mutane da yawa suka huda wa wanda ba shi suke nufi ba. Wannan ne ya haifar da dokar tarayya ta 2002 wadda ta ba jihohi kuɗi su sauya tsofaffin na'urori, ta kuma kafa hukumar taimaka wa harkar zaɓe. Hukumar tana ba da shawara, tana gwada na'urori, tana raba tallafi, amma ba ta gudanar da zaɓe, ba ta kuma ba akawun gunduma umarni.

A cikin gundumar kanta ma ikon a rabe yake, kuma kowace jiha da nata salon. Wani wurin jama'a ne ke zaɓen akawun gunduma, shi ke riƙe da zaɓe. Wani wurin majalisar gunduma ce ke ɗaukar daraktan zaɓe aiki, tana iya sallamarsa. Wani wurin kuma akwai hukumar zaɓe ta daban mai wakilan jam'iyyu biyu. Arizona ta raba aikin gida biyu: zaɓaɓɓen magatakarda yana kula da rajista da ƙuri'un da ake aikowa ta gidan waya, majalisa kuma tana kula da ranar zaɓe da ƙirge da tabbatar da sakamako.

To, ikon majalisar na gaskiya yana aiki ne tun watanni kafin a jefa ƙuri'ar farko, kuma babbansa shi ne kuɗi. Wanda ke riƙe da kuɗin cefane shi ke yanke abin da za a dafa. Yawancin kuɗin gudanar da zaɓe a Amurka daga aljihun gunduma yake fitowa, aljihun da ake gyara hanya da biyan 'yan sanda da kula da gidan yari daga cikinsa. Majalisa ce ke yanke ko za a ɗauki ma'aikatan wucin gadi 200 ko 120, nawa za a biya wanda zai tsaya a rumfa tun kafin asuba har dare, ko za a sayi sabuwar na'urar buɗe ambulan, ko za a ƙara takardar ajiya don kada ta ƙare da rana tsaka. Dogon layin da ake gani a talabijin a watan Nuwamba, sau da yawa a zaman kasafin kuɗi aka yanke shi, zaman da kusan ba kowa ke zuwa kallonsa. A 2020, lokacin annobar korona, ƙarancin kuɗi ya kai ga dubban ofisoshin zaɓe sun karɓi tallafin da ya fito daga Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan, kimanin dala miliyan 350 ta hannun wata ƙungiya mai zaman kanta. 'Yan Republican suka ce bai dace attajiri ɗaya ya zuba kuɗi a ofishin zaɓe ba, kuma jihohi sama da 20 sun haramta irin wannan tallafi daga baya. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai wanda ya toshe wannan ƙofa, nauyi ne a kansa ya cike gurbin da kuɗin gwamnati, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Bayan kuɗi sai rumfuna. A gundumar Randolph ta jihar Jojiya, inda baƙar fata suka fi yawa, an kawo shawara a 2018 a rufe rumfuna 7 cikin 9, watanni kaɗan kafin zaɓen gwamna, bisa dalilin cewa gine-ginen ba su da hanyar shigar masu buƙata ta musamman. Gunduma ce ta karkara, talauci ya yi yawa, ba kowa ke da mota ba. Rufe rumfa a irin wannan wuri daidai yake da hana wasu zaɓe, ko da ba a faɗa da baki ba. Mutanen gari suka cika ɗakin taro, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi barazanar zuwa kotu, hukumar zaɓen gundumar ta yi watsi da shawarar. Kafin 2013 irin wannan sauyi a Jojiya sai ya samu amincewar ma'aikatar shari'a ta tarayya ko kotun tarayya a Washington, a ƙarƙashin dokar haƙƙin zaɓe ta 1965. A shari'ar gundumar Shelby ta 2013 Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake bi wajen tantance wuraren da wannan sharaɗi ya shafa. Tun daga nan birkin da ya rage a wurare da yawa shi ne idon mutanen gari, da ƙarar da za a shigar bayan an riga an yi.

Sai na'urori. A Janairun 2023 majalisar gundumar Shasta a arewacin Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'a uku da biyu ta soke kwangilarta da Dominion, kamfanin da ke samar mata da na'urorin zaɓe, da nufin komawa ƙirge da hannu. Soke kwangila yana cikin ikonta, ba wanda ya musa. Amma dokar tarayya ta wajabta a ajiye na'urar da makaho ko mai wata naƙasa zai yi zaɓe da ita shi kaɗai a kowace rumfa, don haka dole gundumar ta sake kashe kuɗi wajen wani kamfani. Jami'ar zaɓen gundumar ta yi lissafin cewa ƙirge da hannu zai buƙaci ƙarin ma'aikata sama da 1,000. Kafin shekarar ta ƙare, majalisar dokokin jihar ta yi dokar da ta hana ƙirge da hannu sai a ƙananan zaɓuka.

Wanda ya saba ganin ana ƙirga ƙuri'a a bainar jama'a a rumfa, ana ɗaga kowace takarda sama, zai yi mamakin me ya sa abin ya zama rigima. Dalilin yana jikin takardar. Ba'amurke yana zaɓen shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisa da alƙalai da shugaban 'yan sandan gunduma da hukumar makarantu, ga tambayoyin raba gardama, duka a takarda ɗaya, wani lokaci gurabe 30 ko fiye. A gundumar Nye ta Nevada, inda aka gwada a 2022, 'yan jarida sun ga rukunin mutum biyar, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana dubawa, uku suna rubutawa, sun shafe kimanin awa uku a kan takarda 50, saboda duk lokacin da alƙaluman masu rubutun suka saɓa sai a koma baya. Ƙirge da hannu yana da gurbinsa, wajen binciken bayan zaɓe, inda ake ɗaukar wani kaso a gwada da abin da na'ura ta bayar. Arizona kanta tana yin wannan bisa doka, da wakilan jam'iyyu.

Na ƙarshe shi ne mutane. Daraktar zaɓen Cochise, Lisa Marra, ta ƙi ba da haɗin kai ga cikakken ƙirgen hannu da Crosby da Judd suke so amma kotu ta riga ta hana, sai su biyun suka kai ta ƙara. A farkon 2023 ta ajiye aiki. Ba ita kaɗai ba ce: tun daga 2020 mafi yawan gundumomin Arizona sun sauya aƙalla ɗaya daga manyan jami'an zaɓensu. Aikin zaɓe na ƙwarewa ne. Wanda ya yi shekara goma a ciki ya san rumfar da wuta ke yawan ɗaukewa, ya san makarantar da mai gadinta ke makara da makulli. In ya tafi, sabon zai yi kuskure, kuskuren kuma ya zama sabuwar hujjar masu cewa an yi maguɗi.

Yanzu mu koma ga sa hannun. Abin da ake kawo wa majalisa bayan zaɓe lissafi ne: mutum nawa suka sa hannu a rajistar kowace rumfa, takarda nawa aka bayar, nawa suka lalace, nawa na'ura ta ƙirga, nawa aka ajiye gefe har a tantance mai su. Aikinta ta duba cewa kowace rumfa ta shigo, alƙaluma sun haɗu, inda ba su haɗu ba an rubuta dalili. Kotunan Amurka sun daɗe, tun ƙarni na 19, suna cewa wannan aiki wajibi ne, ba zaɓi ba. Mai sa hannun ba cewa yake zaɓen ba shi da aibi ba, cewa yake ga jimillar da aka samu. Kuma a jihohi da yawa sai an sa wannan hannu ƙofar ƙorafi take buɗewa: ɗan takara ba zai nemi a sake ƙirge ko ya shigar da ƙarar zaɓe ba sai akwai sakamako a hukumance. Wanda ya ƙi sa hannu don yana zargin maguɗi, ya toshe hanyar da za a bi a binciki zargin nasa.

Cochise ba ita ta fara ba. Ranar 17 ga Nuwamban 2020 kwamitin tantance sakamako na gundumar Wayne a Michigan, inda birnin Detroit yake, ya rabu biyu da biyu, sannan a daren nan 'yan Republican biyun suka sauya suka amince bayan jama'a sun yi ta magana. A 2022 masu zaɓe a Michigan suka gyara kundin jiharsu suka rubuta ƙarara cewa tabbatar da sakamako wajibi ne. A Yunin 2022 majalisar gundumar Otero a New Mexico ta ƙi amincewa da zaɓen fidda gwani har sai da Kotun Ƙolin jihar ta ba da umarni; ɗan majalisar da ya dage, Couy Griffin, ya faɗa da bakinsa cewa ba hujja ya dogara da ita ba, abin da zuciyarsa ta raya masa ne. A Oktoban 2024 alƙali Robert McBurney a Jojiya ya yanke irin wannan hukunci.

To in da gaske an yi maguɗi fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma akwai misali. A 2018, a mazaɓa ta 9 ta North Carolina, ɗan Republican Mark Harris yana gaba da ƙuri'a 905. Aka gano wani ɗan kwangilar siyasa da ke yi wa Harris aiki, McCrae Dowless, yana tura mutane gida-gida a gundumar Bladen suna karɓar ƙuri'un gidan waya, abin da doka ta hana. Hukumar zaɓe ta jiha ta ƙi tabbatar da sakamakon, ta tura masu bincike, ta kira shaidu suka yi rantsuwa a zaman da kowa ya gani, har ɗan Harris na cikinsa ya ba da shaida cewa ya gargaɗi mahaifinsa. A Fabrairun 2019 aka ba da umarnin sabon zaɓe. Bambancin a bayyane yake. Hukumar da ta dakatar da sakamakon doka ta ba ta ikon bincike da kiran shaida da soke zaɓe, kuma akwai sunaye da takardu a gabanta. Majalisar gunduma mai mutum uku ko biyar, waɗanda su kansu 'yan siyasa ne, wani lokaci ma sunansu yana kan takardar, ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da ya dace da ɗan majalisar da ya ga abin zargi shi ne ya rubuta, ya miƙa wa mai gabatar da ƙara, ya sa hannu.

Akwai kuma inda matsalar ke juyawa, jami'in zaɓen ne ya kauce, majalisa kuma ba ta iya taɓa shi don jama'a ne suka zaɓe shi. A Mayun 2021 akawun gundumar Mesa a Colorado, Tina Peters, ta shigar da wani baƙo ɗakin na'urori da katin shaidar wani mutum daban, bayan an kashe kyamarorin tsaro, aka kwafi abin da ke cikin kwamfutar zaɓe. Bayan watanni kalmomin sirri na na'urorin suka bayyana a intanet. Majalisar gundumar ba ta da ikon korarta. Sakatariyar jiha ce ta haramta amfani da na'urorin, kotu ta cire hannun Peters daga gudanar da zaɓe, mai gabatar da ƙara na yankin, wanda ɗan jam'iyyarta ne, ya gurfanar da ita. A Oktoban 2024 aka yanke mata ɗaurin shekara 9.

Ganin irin waɗannan, wasu na cewa a miƙa komai ga jiha a huta. Ban yarda ba, domin ita ma jiha 'yan siyasa ne ke riƙe da ita. Katie Hobbs da ta kai Cochise kotu tana da gaskiya a shari'ar, amma ita ce kuma 'yar takarar gwamnan da ta ci wannan zaɓe, kuma ba laifi ba ne mutum ya ce wannan tsari yana buƙatar gyara. Mu ma a Najeriya mun san abin da ke faruwa a zaɓen ƙananan hukumomi, inda gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha, jam'iyyarsa kuma ta kwashe kusan duk kujeru.

Misalai biyu sun nuna yadda shigar jiha ke iya bambanta. Gundumar Harris a Teksas, inda birnin Houston yake, tana da mutum kusan miliyan 4.7 a ƙidayar 2020, kuma 'yan Democrat ke da rinjaye a majalisarta. A 2020 majalisar ta ƙirƙiro ofishin mai gudanar da zaɓe na naɗi. Ofishin ya yi tuntuɓe na gaske: a zaɓen fidda gwani na Maris 2022 an bar ƙuri'un gidan waya kusan 10,000 ba a sa su a jimillar farko ba, shugabar ofishin, Isabel Longoria, ta yi murabus, sannan a Nuwamba takarda ta ƙare a wasu rumfuna. Majalisar da ta kafa ofishin tana da alhakin wannan. Amma maganin da majalisar dokokin jihar, mai rinjayen Republican, ta kawo a 2023 shi ne dokar soke irin wannan ofishi a gundumar da ta haura mutum miliyan 3.5, da wata dokar da ta ba sakataren jiha ikon sa ido na musamman a gundumar da ta haura miliyan 4. Cikin gundumomin Teksas 254, Harris ce kaɗai ta kai waɗannan alƙaluma. In ofishin naɗi ba shi da kyau, me ya sa aka bar shi a sauran gundumomin da ke amfani da shi? Dokar da aka ɗinka daidai jikin gunduma ɗaya ta abokan hamayya, ko da akwai laifin da ya jawo ta, ba za ta sa mutanen wurin su amince ba.

A Jojiya, dokar zaɓe ta 2021 ta ba hukumar zaɓe ta jiha ikon dakatar da hukumar gunduma ta naɗa mai riƙo. Kowa ya san gundumar Fulton, inda Atlanta take, ake hange, kuma Fulton ta daɗe da suna wajen dogon layi da rashin tsari. Sai dai dokar ta gindaya matakai kafin a kai ga ƙwacewa. A Agustan 2021 aka naɗa kwamitin mutum uku, ɗan Republican da ɗan Democrat daga hukumomin zaɓen wasu gundumomi, da lauyan ofishin sakataren jiha. Suka shafe sama da shekara suna shiga ɗakin ajiyar kaya, suna kallon yadda ake gwada na'urori da yadda ake karɓar akwatuna da dare, suna tambayar ma'aikata. Rahotonsu na Janairun 2023 ya lissafa sakacin da suka gani a zaɓen 2020, ya ce ba su ga shaidar maguɗi ba, ya kuma nuna cewa an sauya shugabanni kuma aiki ya gyaru ƙwarai. Suka ba da shawarar kada a ƙwace, kuma a Yunin 2023 hukumar jiha, wadda 'yan Republican suka fi yawa a cikinta, ta amince da hakan.